Kura da Shan Bugu: Yadda Finafinan Mawaƙan Soul Ke Wanke Mai Kamfani

A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na 1998, tashar talabijin ta NBC da ke Amurka ta nuna wani fim mai kashi biyu a kan The Temptations, ƙungiyar mawaƙa biyar ta birnin Detroit da ta yi tashe a shekarun 1960. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, daraktansa Allan Arkush ya ci lambar yabo ta Emmy, kuma har yau ana maimaita shi. Cikin abubuwan da suka fi tsaya wa masu kallo a rai akwai ƙarshen David Ruffin, mai murya mai kaushi da ya ja ragamar waƙar "My Girl". A fim ɗin, wurgo shi aka yi daga mota a ƙofar asibiti, gawarsa kuma ta yi mako guda a ɗakin ajiye gawa ba wanda ya zo nemanta.

'Ya'yansa sun ce ba haka aka yi ba. A cewarsu, direba ne ya kai shi asibiti a Philadelphia, ya shigar da shi, ya faɗa wa ma'aikata ko wane ne, kuma cikin 'yan kwanaki iyalin suka karɓi gawar. An yi jana'izarsa a Detroit a watan Yunin 1991, Aretha Franklin da Stevie Wonder suka yi waƙa a wurin. Iyalin sun kai ƙara, tare da wasu dangin 'yan ƙungiyar da su ma suka ce an yi musu ƙage. Kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2001. A dokar Amurka, wanda ya mutu ba shi da sauran sunan da za a ɓata, don haka magada ba su da hurumin neman diyya a madadinsa.

Shekaru shida bayan wannan hukunci, a watan Fabrairun 2007, kamfanonin DreamWorks da Paramount suka sayi fili a manyan jaridun masana'antar fim ta Hollywood, suka ba Berry Gordy haƙuri. Gordy shi ne ya kafa kamfanin faifai na Motown, uban gidan The Temptations. Laifin da aka yi masa shi ne fim ɗin Dreamgirls na 2006, wanda bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, ya dai nuna wani mai kamfani da mutane suka ce ya yi kama da shi. Mawaƙin da aka kira da sunansa na yanka, aka sauya yadda ya bar duniya, iyalinsa ba su samu komai ba. Mai kamfanin da aka yi wa shaguɓe kawai, an ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Waɗannan abubuwa biyu sun isa su fallasa abin da ke damun wannan rukuni na finafinai. Tarihin ƙungiyoyin mawaƙan soul tarihi ne na ƙwadago da dukiya: wa ya yi aiki, wa ya mallaki abin da aikin ya haifar. Finafinan sun mayar da shi wa'azi a kan girman kai da shaye-shaye. Sun kafa kyamara a kan kwalba, sun bar littafin lissafi a rufe. An bar jaki ana dukan taiki.

Labari ɗaya a riguna daban-daban

Soul salo ne da baƙaƙen fatar Amurka suka fitar daga waƙoƙin coci da kiɗan rhythm and blues a ƙarshen shekarun 1950. Ƙungiyarsa takan ƙunshi mutum uku zuwa biyar, ɗaya yana bayarwa sauran suna amshi, sanye da kaya iri ɗaya, suna taku iri ɗaya. Wanda ya kalli Sparkle na 1976, da The Five Heartbeats na 1991, da The Temptations, da Dreamgirls, zai ga kusan hanya ɗaya suka bi. Yara matalauta suna haɗa murya a bakin titi. Su ci gasa, wani mai ido ya hango su. Su ji waƙarsu a rediyo karo na farko, su yi ta tsalle. Daga nan sai ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa baiwa, kansa ya kumbura, ya fara makara, ya faɗa wa ƙwaya ko giya. A kore shi. Shekaru su shuɗe, a haɗu a coci ko a maƙabarta ko a kan dandamali, a yi kuka, a yafi juna.

Ba ƙarya ba ne cewa irin haka ya faru. Matsalar tana wajen zaɓi. Ƙungiyar Four Tops ta Detroit ta zauna da mutum huɗu, ba a sauya ko ɗaya ba, daga 1953 har mutuwar Lawrence Payton a 1997. Shekara 44 ke nan. Jagoran waƙarsu, Levi Stubbs, ya ƙi yarda a ware sunansa daga na 'yan uwansa. Babu wani babban fim da aka yi a kansu. The Dells ta jihar Illinois, wadda Robert Townsend ya nemi shawararta sa'ad da yake shirya The Five Heartbeats, ta riƙe mutanenta biyar kusan shekara hamsin, har rasuwar Johnny Carter a 2009. A fim ɗin kuwa, ƙungiyar tarwatsewa ta yi. An ari gogewar mutanen da suka zauna lafiya an gina labarin watsewa, domin a idon Hollywood ƙungiyar baƙaƙen mawaƙa ba ta zama abin kallo sai ta ci kanta.

Inda kuɗin ya bi

Gordy ya kafa kamfaninsa a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa. Ya taɓa aiki a layin harhaɗa motoci, kuma bai ɓoye cewa tsarin masana'antar mota ya ɗauko ba: matashi ya shigo ta wannan ƙofa ɗanye, ya fita ta waccan tauraro. Maxine Powell tana koyar da ladabin zama da tafiya, Cholly Atkins yana koyar da taku, marubuta suna gasar kawo waƙa, makaɗa suna jira a situdiyo. Tsari ne na ban mamaki, kuma kamar kowace masana'anta, akwai mai ita, akwai ma'aikata.

Ga yadda lissafin yake a yawancin kamfanonin faifai na wancan zamani. Waƙa ɗaya tana haifar da dukiya iri biyu. Akwai haƙƙin rubutacciyar waƙa, wato baitoci da karinta, wanda marubuci da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin suke rabawa. Akwai kuma faifan da aka naɗa, wanda mallakar kamfanin faifai ne. Mawaƙin da bai rubuta ba, kasonsa ɗan ƙanƙani ne daga cinikin faifai, kuma idan su biyar ne sai a raba shi biyar. Kafin ya taɓa ko sisi, sai an cire kuɗin situdiyo da duk wani kafin alƙalami da aka ba shi. Waƙoƙin da ba su yi kasuwa ba, bashinsu yana hawa kan wadda ta yi. Idan gidan rediyo a Amurka ya sa waƙa, marubuci da mai haƙƙin rubutun ake biya. Mai muryar ba a ba shi komai, kuma har yau haka dokar take ga gidajen rediyo na gargajiya.

A Motown an ƙara wasu ƙulle-ƙulle. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutattun waƙoƙi, Jobete, na Gordy ne. Kamfanin da ke yi wa mawaƙa manaja, wanda aikinsa ne ya tsaya musu wajen ciniki da kamfanin faifai, shi ma na gidan ne. Mai saye da dillalin mai sayarwa duk mutum ɗaya. Sunan ƙungiya kuma yakan zama na kamfani. Da 'yan gidan Jackson suka tashi barin Motown a 1975, kasonsu bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma dole suka bar sunan Jackson 5 a baya suka koma The Jacksons. Wannan ba Motown kaɗai ba. A 1958 George Treadwell, wanda ya mallaki sunan The Drifters, ya sallami 'yan ƙungiyar gaba ɗaya, ya ɗauko wasu samari, cikinsu har da Ben E. King, ya liƙa musu sunan.

Mai son sanin inda dukiyar ta taru ya dubi farashi biyu. A 1988 Gordy ya sayar da kamfanin faifai na Motown a kan dala miliyan 61. A 1997 ya sayar wa EMI da rabin Jobete kawai a kan dala miliyan 132. Rabin rumbun takardu ya ninka dukan kamfanin faifan fiye da sau biyu. Mutanen da duniya ta san waƙoƙin da muryarsu, waɗanda ba su rubuta ba, ba su da ko ƙwaya a wannan rumbu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya riƙe alƙalami

Me ya sa wannan lissafi ba ya zama ƙashin bayan fim? Amsar tana cikin yadda ake haɗa fim ɗin kansa. Ba a yin fim a kan The Temptations babu waƙoƙin The Temptations, kuma ba a sa waƙoƙin sai da izinin masu haƙƙinsu. Mai shirya fim yana da hanya biyu. Ko ya kira mutane da sunayensu ya yi amfani da waƙoƙin gaske, ya zauna lafiya da masu rumbu. Ko ya soki mai kamfani, amma ya sauya sunaye ya rubuta sababbin waƙoƙi, kamar yadda Dreamgirls da The Five Heartbeats suka yi. Ba sai wani ya ɗaga waya ya hana komai ba. Tsarin mallakar da ya tauye mawaƙan suna raye shi ne yake tace labarinsu bayan sun mutu.

Fim ɗin 1998 misali ne ƙarara. An gina shi a kan littafin da Otis Williams ya fitar a 1988. Williams ne kaɗai ya rage cikin mutum biyar na zamanin ganiyar ƙungiyar: Paul Williams ya rasu a 1973, Ruffin a 1991, Eddie Kendricks a 1992, Melvin Franklin a 1995. Shi da manajan ƙungiyar, Shelly Berger, suna cikin furodusoshi. Kamfanin da ya shirya fim ɗin na Suzanne de Passe ne, wadda ta shiga Motown a 1968 a matsayin mataimakiyar Gordy, ta kai ga shugabancin sashen finafinan kamfanin. Ba laifi ba ne mutum ya ba da labarinsa yadda ya gan shi. Amma shaidar ɓangare ɗaya ce, a shari'ar da sauran masu magana duk suna kabari, aka kuma miƙa wa miliyoyin mutane ita a matsayin tarihi. Ba abin mamaki ba ne da mai ba da labarin ya fito a matsayin dattijo mai haƙuri wanda ya riƙe gida, duk wanda ya ja da shi kuma ya fito da wata nakasa a hali.

Mutum uku da aka taƙaita

David Ruffin ba waliyyi ba ne. Hodar iblis ta kama shi, yana ƙin zuwa atisaye, yana yawo a doguwar motar alfarma shi kaɗai, ya nemi a sa sunansa gaban na ƙungiya. An kore shi a watan Yunin 1968, ya riƙa kutsawa kan dandamali yana ƙwace makirufo daga hannun Dennis Edwards da ya gaje shi. Fim ya nuna wannan duka da gwaninta. Sai dai akwai wani abu da Ruffin ya nema wanda bai samu ko kusa da wannan muhimmanci ba: ya nemi a buɗe masa littafin kuɗin ƙungiya. A cikin shekarar da aka kore shi ya kai Motown kotu yana neman a sake shi, a kuma yi masa bayanin lissafi. Kamfanin ya mayar da martani da tasa ƙarar, aka sasanta a kan Ruffin ya ci gaba da zama a Motown. Neman sa sunansa a gaba ma ba daga sama ya faɗo ba, domin a 1967 kamfanin da kansa ya mayar da The Supremes zuwa Diana Ross and the Supremes. Mashayi yana iya yin tambaya mai kyau. Fim ɗin da ya sa maye ya shafe tambayar ya yi wa mai littafin aiki.

Paul Williams, wanda ya tsara wa ƙungiyar takunta na farko, mai kallo yana tashi da hotonsa a matsayin mutumin da giya ta cinye. Williams yana da cutar sikila. Duk gidan da ya taɓa jinyar mai sikila, kuma irin waɗannan gidaje ba su da wuyar samu a ƙasar Hausa, ya san abin da ciwon ƙashi yake yi wa mutum idan ya tashi, ya san kuma cewa gajiya da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne ke tayar da shi. Sai a auna wannan jiki da rayuwar tafiya daga gari zuwa gari, da rawa a ƙarƙashin fitilu dare bayan dare. Abin ya kai ana ajiye masa tukunyar iskar numfashi a bayan dandamali, Richard Street yana rera kasonsa daga bayan labule. Ya bar ƙungiyar a 1971, aka tsinci gawarsa a 1973 yana da shekara 34, hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Labarinsa labarin ma'aikaci ne marar lafiya a sana'ar da ba ta san hutun jinya ba. Kwalba ta fi sauƙin ɗauka a kyamara, kuma ba ta tuhumar kowa sai mai riƙe da ita.

Na uku ita ce Florence Ballard, wadda kowa ya san ita ce inuwar da ke bayan Effie White ta Dreamgirls, rawar da ta ba Jennifer Hudson lambar Oscar. A fim, Effie ta sha wuya, ta farfaɗo, ta ƙwato waƙarta, ta hau dandamali tare da tsofaffin ƙawayenta a daren bankwana. Ballard ba ta ga wannan dare ba. Ita ta zaɓi sunan Supremes a 1961. An cire ta a 1967. A shekarar da ta biyo baya ta karɓi kimanin dala 140,000 a matsayin sallama ta ƙarshe, daga ƙungiyar da ta jera waƙoƙi biyar a matsayi na ɗaya a Amurka tsakanin 1964 da 1965, kuma yarjejeniyar ta hana ta tallata kanta da sunan da ita ta zaɓa. Yawancin kuɗin ya salwanta a hannun lauyanta. Ta kai Motown ƙara a 1971 ba ta yi nasara ba. Ta rasa gidanta, ta koma karɓar tallafin gwamnati na marasa galihu da 'ya'yanta mata uku. Ta rasu a Fabrairun 1976 tana da shekara 32. Dreamgirls ya ari raunin Ballard ya sa mutane kuka, sannan ya ba su ƙarshen da zai sa su fita daga silima da sanyin zuciya. Sanyin zuciyar nan ba a biya Ballard kuɗinsa ba.

Mugu ɗaya tilo

Za a ce ai finafinan da suka sauya sunaye sun nuna azzaluman masu kamfani. Gaskiya ne. A The Five Heartbeats akwai Big Red, wanda yake rataye mutum daga saman bene, yake sa a kashe manaja. A Dreamgirls akwai Curtis Taylor, mai ba masu gabatar da shirin rediyo cin hanci. To amma a nan ma ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan zalunci ya zo a siffar ɗan daba, maganinsa shi ne a kama ɗan daban, kowa ya koma gida. Abin da ya cinye yawancin waɗannan mawaƙa halal ne a idon doka. Takarda ce da yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya sa wa hannu, shi ko mahaifiyarsa, ba lauya a gefensa, a ofis mai tsafta, a gaban mutum mai fara'a wanda wataƙila yana ƙaunarsa da gaske. Fim ɗin da ya koya wa mai kallo cewa mai cutarwa yana zuwa da bindiga ya bar shi ba kariya a gaban mai zuwa da biro.

Haka abin yake ga wariyar launin fata. Finafinan ba sa jin nauyin nuna ɗan sandan kudancin Amurka yana tsayar da mawaƙa a bakin hanya yana wulaƙanta su, kuma sun yi daidai, domin an taɓa harbin motar ayarin mawaƙan Motown a Birmingham ta jihar Alabama a 1962. Sai dai ɗan sandan nan ba abokin cinikin kowa ba ne a Hollywood. Sukarsa ba ta hana a samu izinin waƙa.

Fim ɗin Why Do Fools Fall in Love na 1998 ya nuna yadda ake karkatar da hankali ko da shaida tana kan tebur. Frankie Lymon, yaron da ya ja ƙungiyar The Teenagers a 1956, ya mutu a 1968 yana da shekara 25. Sunan Morris Levy, mai kamfanin faifai, ya wayi gari a kan shahararriyar waƙarsu a matsayin marubuci. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, Herman Santiago da Jimmy Merchant, sun ci shari'a a 1992 cewa suna cikin marubutan, kotun ɗaukaka ƙara ta soke nasarar a 1996 saboda sun makara wajen kai ƙara. Levy ya fito a fim ɗin, amma ginshiƙin labarin mata uku ne suna faɗa a kan wace ce matar marigayi ta halal.

Abin da masu kare finafinan za su ce

Hujjarsu ta farko tana da nauyi. Gordy baƙar fata ne da ya gina kamfani a ƙasar da bankuna ba sa ba irinsa rance, har kamfanin ya zama mafi girma a hannun baƙar fata a Amurka a farkon shekarun 1970. Ya riƙe The Supremes da The Temptations shekara uku suna fitar da waƙoƙin da ba su yi kasuwa ba. Ba don shi ba, da wataƙila duniya ba ta ji su ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma fim na ƙwarai zai nuna shi. Amma wanda ya haƙa rijiya ba ya zama mai ikon hana a tambaye shi farashin guga. Ba mashaya kaɗai suka yi ƙorafi ba. Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, waɗanda suka rubuta goma daga cikin waƙoƙi goma sha biyu na The Supremes da suka kai matsayi na ɗaya, sun bar kamfanin a 1968 a kan rabon riba, aka shafe shekaru ana shari'a. Makaɗan situdiyo da ake kira Funk Brothers sun yi shekaru fiye da goma sunayensu ba sa fitowa a jikin faifai, sai a 1971 da Marvin Gaye ya jera su a What's Going On. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hujja ta biyu ita ce fim nishaɗi ne, ba darasin tarihi ba. Da masu finafinan sun tsaya a nan, da da sauƙi. Amma suna cin riba daga cewa labarin gaskiya ne, suna sa sunayen mutane da ranaku, sannan idan iyali suka yi kuka sai a ce ai wasa ne. Ga mafi yawan masu kallo, musamman waɗanda ke wajen Amurka, fim ɗin shi ne farko da ƙarshen abin da za su sani game da David Ruffin.

Hujja ta uku ita ce lissafi ba ya kallo, ba wanda zai zauna awa biyu yana duban takardun akanta. The New Edition Story, wanda tashar BET ta nuna cikin dare uku a 2017, ya rushe wannan. Yaran nan na unguwar Roxbury ta Boston sun dawo daga babban rangadinsu na farko a farkon shekarun 1980, aka sauke su a gidajen talakawan da suka fito, aka ba kowannensu cakin dala 1.87. Fim ɗin ya sa cakin a gaban kyamara, kuma yana cikin abubuwan da aka fi tunawa da shi. Bambancin a bayyane yake: dukan 'yan ƙungiyar shida suna raye, kuma suna cikin furodusoshi. Da masu muryar suka riƙe alƙalami, rasit ya fito.

Akwai ma labarin da yake jiran mai shirya shi. Ruth Brown, wadda waƙoƙinta suka ɗaga kamfanin Atlantic a shekarun 1950, ta koma tuƙa motar 'yan makaranta da aikatau. Ta haɗu da wani lauya mai son waƙoƙinta, Howell Begle, suka yi shekaru suna tonon littattafan kamfanin. A 1988 Atlantic ya yarda ya sake lissafin haƙƙin tsofaffin mawaƙansa, cikinsu har da 'yan ƙungiyoyi irin su The Drifters da The Coasters, ya kuma ba da sama da dala miliyan ɗaya aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues. Hollywood ta sha yin finafinai masu cin lambobi a kan lauyoyi da ke tonon takardun kamfanonin taba da na sinadarai. Iyawar tana nan. Takardun kamfanin faifai ne kawai ba a so a tona, domin masu su ne ke ba da izinin waƙa.

Abin da ake hasara ya wuce mutuncin matattu. Matashin da yake mafarkin waƙa, a Detroit ne ko a wani gari, idan ya kalli waɗannan finafinai darasi ɗaya yake ɗauka: ka guji ƙwaya, ka rage girman kai, ka bi shugaba, za ka tsira. Darasin yana da amfani, amma bai cika ba. Makaɗan Funk Brothers ba girman kai ne ya hana sunansu fitowa ba, kuma 'yan The Drifters da aka sallama a dare ɗaya ba su da ko da sunan da za su tafi da shi. Wanda bai mallaki sunansa da waƙarsa ba, ladabinsa ba zai gadar wa 'ya'yansa komai ba. Finafinan suna da daɗin kallo, muryoyin suna ratsa jiki, kuma ba wanda ya ce a daina kallonsu. Sai dai idan an kai wurin da ƙungiya ta taru a ɗaki za ta kori mai baiwar da ya lalace, ya kamata mai kallo ya jira sunayen da ke hawa a ƙarshen fim, ya duba wa ya rubuta littafin, wa ya shirya, wa kuma ya ba da izinin waƙoƙin.